Zauren Turanci: Aro, Rance da "Borrow Me Your Pen"

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan wata kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya: kalmomin Turanci masu kama da juna, waɗanda Bahaushe ke ɗaukar wannan ya sa a gurbin waccan. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Malamin Turancinmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlata, "Please borrow me your textbook." Ya ce kuskure ne, alhali kowa a ajinmu haka yake faɗa. Ina laifin yake? Bana zan rubuta WAEC.
*Wata ɗaliba, daga Funtuwa*

Wa alaikumus salam. Malaminki yana da gaskiya, kuma gara jan bironsa yanzu da na mai makin jarrabawa gobe.

Hausa da Turanci duk sun raba maganar aro gida biyu, sai dai ba wuri ɗaya suka sa wuƙa ba. Hausa abin take dubawa. Idan shi kansa abin za a mayar, kamar littafi ko turmi ko keke, aro ne. Idan kuwa kwatankwacinsa za a mayar, kamar kuɗi ko mudun gero, rance ne. Bature bai damu da wannan bambanci ba ko kaɗan. Abin da ya dame shi shi ne hannun wa ke miƙawa, hannun wa ke karɓa. Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa shi ke yin "lend", ko allura ce ko miliyan goma.

Ba wai Hausa ba ta nuna wannan ba ne. Tana nunawa, amma a wutsiyar aikatau: "na ari littafi" daban, "ya ara mini littafi" daban, "na ranci dubu biyar" daban, "ya ranta mini dubu biyar" daban. Da yake tushen kalmar ɗaya ne, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauko kalmar Turanci ɗaya ta ɗora wa aikin biyu. Daga nan "ara mini" ta zama "borrow me".

Jimlarki tana da gyara iri biyu, ki zaɓi wanda ya fi miki sauƙi a baki: "Can I borrow your textbook?" ko "Can you lend me your textbook?" Ki lura, sunan mutum yana iya bin "lend" kai tsaye, amma "borrow" abin da aka ara ne ke binta, mutumin kuma ya zo a bayan "from": "I borrowed five thousand naira from my uncle." Idan kika juya ta: "My uncle lent me five thousand naira." A shuɗaɗɗen lokaci "lent" ake cewa, babu wata kalma "lended". Idan kika rikice a zauren jarrabawa, ki tuna da saye da sayarwa, waɗanda ba wanda ke kuskurensu: "buy from" da "borrow from" tafiyarsu ɗaya, "sell to" da "lend to" ma haka.

Irin wannan tarkon yana nan a koyo da koyarwa. "Na koyi ɗinki" ita ce "I learnt to sew", amma "ta koya mini ɗinki" sai dai "she taught me to sew". Ba a cewa "she learnt me".

Tunda mun shiga maganar kuɗi, bari mu ƙarasa da bashi, don nan ne jimla ke kifewa gaba ɗaya. Bahaushe yakan fara da mai bin bashi: "ina bin sa dubu goma." Bature da wanda ake bi yake farawa: "He owes me ten thousand." Wanda ya ce "I owe him ten thousand" yana nufin shi ke bi, to ya amsa bashin da bai ci ba, kuma in a rubuce ne ya sa wa kansa hannu. Haka kuma "owe" ba ta son "-ing" a daidaitaccen Turanci: "I owe you", ba "I am owing you" ba. Sayen kaya bashi kuwa "to buy on credit" ne.

Ina aikin jinya a wani asibiti a Ingila. Wata tsohuwa ta yi tuntuɓe a gabana, na ce mata "sorry", sai ta ce "It's not your fault, love." Wata rana kuma na wuce mai goge daɓe na ce masa "well done", ya bi ni da kallo kamar na yi masa ba'a. Me na yi ba daidai ba?
*Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar asalin Kano*

Malama, sannu kika yi musu, su kuwa ba su da sannu. Babu kalma ɗaya a Turanci da ta ɗauki nauyin da "sannu" ke ɗauka a Hausa, don haka Turancin Najeriya ya ɗauko "sorry" da "well done" ya ɗora musu wannan kaya. A gida hakan daidai ne, kowa ya gane, kuma ba ma ba kowa shawarar ya daina. A can ne kayan ke zubewa.

"Sorry" ita kaɗai, a kunnen mutumin Ingila, amsa laifi ce. Shi ya sa tsohuwar ta wanke ki. Abin da ake ce wa wanda ya yi tuntuɓe ko ya ƙware shi ne "Are you all right?" Idan labari mara daɗi aka ba ki, "sorry" tana shiga, amma sai an cika ta: "I'm so sorry to hear that." A ta'aziyya, "I'm sorry for your loss", a takarda kuma "Please accept my condolences." Ga majinyaci, "How are you feeling today?", in za a rabu "Get well soon." Sannu da zuwa ita ce ta samu sa'a, tana da "Welcome" da "Welcome back".

Sannu da aiki kuwa ba ta da gida sam. "Well done" yabo ne bayan an gama aiki an kuma yi shi da kyau, kuma yawanci daga sama yake gangarowa: malami ga ɗalibi, uwa ga ɗa, shugaba ga na ƙasa da shi. Mai goge daɓe yana tsakiyar aikinsa na kullum, sai ga wadda ba ita ta sa shi ba tana ba shi maki. Dole ya yi kallo. "Morning" kawai ta wadatar, in kuma ya kauce ya ba ki hanya ki ce "Thank you."

Akwai wasu uku da za ki riƙa buƙata kullum a bakin aiki. "Excuse me" kafin abu take zuwa, kamar "gafara dai": za ki ratsa mutane, ko za ki katse wa likita magana, ko kina son jan hankalin wanda ba ki san sunansa ba. "Sorry" bayan abu take zuwa, an riga an taka ƙafa. "Sorry?" ko "Pardon?" da ɗaga murya a ƙarshe kuwa "na'am?" ce, wato ba ki ji abin da aka ce ba. Mutanen Amurka sukan ce "Excuse me?" a wannan gurbi, amma a kula da murya, don in aka faɗe ta da kaushi ta zama "me kake nufi?" irin ta neman faɗa.

Sai "yi haƙuri". Kada ki fassara ta da "be patient" ga majinyacin da ya gaji da jira. Zai ji kamar kina ce masa ya cika gaggawa. "Sorry to keep you waiting" ko "Please bear with me" su ne daidai.

Ni malamin firamare ne. Yarana suna rubuta "I am hearing hunger" da "drink your medicine" da "we won them". Na yi gyara har na gaji. Yaya zan ɓullo wa abin?
*Wani malami, daga Azare*

Allah ya taimaki Malam. Yaran ba su da laifi sosai. Aikatau uku ne ke yi maka wannan ɓarna: ji, sha, da ci. Kowanne a cikinsu yana riƙe da aikin da Turanci ya raba wa kalmomi biyar ko fiye. Ranar da aka rubuta wa yaro a allo cewa ji ita ce "hear", sha ita ce "drink", ci ita ce "eat", ranar aka shuka abin da kake girba.

"Hear" ta kunne ce kawai. Wari da ƙanshi "smell" ake yi, ɗanɗano "taste", zafi da sanyi da ciwo "feel". Jin harshe "understand" ne ko "speak": "Do you speak English?", ba "Do you hear English?" ba. Yunwa da ƙishirwa da barci da tsoro kuma Bature ba ya yi musu "hear", yawanci zama yake yi su: "I am hungry", "I am thirsty", "I am sleepy", "I am afraid". Bambancin "hear" da "listen" ba zai ba yara wuya ba, don Hausa ma tana da ji da saurare. Abin da za ka matsa a kai shi ne "to" da ke bin "listen": "Listen to me", ba "Listen me" ba. A waya kuma "Can you hear me?" ake cewa, ba "Are you hearing me?" ba.

Sha ta fi yawo. Ruwa da shayi da kunu "drink". Magani, ƙwaya ne ko na ruwa, "take". Taba "smoke". Mangwaro da kankana da lemon zaƙi, waɗanda Bahaushe ke sha, Bature ci yake yi, "eat". Shan wahala "suffer", shan iska "get some fresh air".

Ci kuwa a filin ƙwallo kaɗai ta rabu uku. Ɗauki wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2013, wanda Najeriya ta doke Burkina Faso da ci ɗaya da nema. Yara za su iya fitar da jimla uku daga ciki: "Nigeria beat Burkina Faso", "Nigeria won the cup", "Sunday Mba scored the goal." Abokin karawa ake yi wa "beat", kofi da gasa da zaɓe da wasan kansa su ake "win", ƙwallo a raga "score". Kuma "beat" ba ta sauyawa a shuɗaɗɗen lokaci, kada su ce "beated". A wajen fili, cin jarrabawa "pass", cin amana "betray", cin tara "fine".

Dabarar da muke ganin ta fi aiki ita ce ka daina koyar da aikatau tsirara. Ka raba allo biyu, hagu Hausa, dama Turanci, ka riƙa rubuta kalma tare da abokiyar tafiyarta: sha magani a gefe, "take medicine" a ɗaya gefen, a haddace su a dunƙule kamar kalma ɗaya. Biyar a mako sun isa, a maimaita na makon jiya kafin a ƙara sababbi. Ashirin a rana guda, zuwa Juma'a duk sun cakuɗe.

Mene ne bambancin "I use to", "I used to" da "I am used to"? Kullum sai na tsaya ina tunani kafin in rubuta.
*Wani ɗalibin jami'a, daga Zariya*

Ta farkon ka yar da ita, ba ta cikin daidaitaccen Turanci. Ta samu ne saboda Hausa tana da lokaci sabau, wato "nakan je", sai aka ga "used to" tana nuna sabo a da, aka cire mata "d" don ta nuna sabo a yanzu. Turanci bai yarda da wannan ba. "Nakan je" ita ce "I usually go", ko ma "I go" kawai.

"I used to go" tana nufin da can ina zuwa, yanzu na daina. Wannan "na daina" ɗin a cikinta yake ko ba ka faɗa ba, kuma nan haɗarin yake. Mai neman aiki da ya ce wa masu ganawa da shi "I used to come to work early", yana son ya nuna shi mai sammako ne, ya gaya musu cewa ya bar sammako. Haka wanda ya ce "I used to pray five times a day" ya yi wa kansa shaidar da ba ita yake nufi ba.

"I am used to" kuwa ita ce "na saba da", kuma suna ne ke binta, ko aikatau mai "-ing": "I am used to the heat", "I am used to waking up early." Idan sabon bai kama ba tukuna, "get" ke shiga: "You will get used to it", za ka saba. A tambaya da korewa "d" na faɗuwa saboda "did" ta ɗauke shuɗaɗɗen lokacin: "Did you use to live here?", "I didn't use to like it." A wannan ma'ana ta sabo, nan ne kaɗai wurin da za ka ga "use to" a rubutu mai kyau.

Da Faransanci na yi makaranta, yanzu ina koyon Turanci saboda harkar kasuwa da Katsina da Kano. An ce mini "I am here since three days" ba daidai ba ne.
*Wani ɗan kasuwa, daga Maraɗi*

Alhaji, kai harsuna biyu ne suka haɗu suka ja ka hanya ɗaya, don "depuis" ta Faransanci tana ɗaukar farkon lokaci da tsawonsa duka, "tun" ta Hausa ma takan yi hakan a "tun kwana uku da suka wuce". Turanci ya raba su. "Since" tana son wurin da aka fara ƙirga: "since Monday", "since 2019", "since morning". "For" tana son yawan lokacin: "for three days", "for five years". In za ka iya nuna shi a kalanda ko agogo, "since". In ƙirga shi za ka yi da yatsu, "for".

Kuskure na biyu a jimlar shi ne "I am". Abin da aka fara a baya kuma yana ci har yanzu, "have been" yake ɗauka: "I have been here for three days." In kuma ranar isowa kake son nunawa, "ago" ce da shuɗaɗɗen lokaci: "I arrived three days ago."

Ka yi hattara da kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu ta bambanta. "Attend" halarta ce, ba jira ba, jira "wait". "Actually" tana nufin "a gaskiya", ba "a halin yanzu" ba. Wannan "currently" ce. "Library" ɗakin karatu ne, kantin littattafai "bookshop". "Demand" nema ne da ƙarfi, kamar mai bin haƙƙinsa, don haka kada ka rubuta wa abokin ciniki "I demand the price" kana nufin tambaya, "ask" ce. "Pass an exam" cin jarrabawa ne, zama a rubuta ta kuwa "take" ko "sit". Shekaru ma: Hausa ta ce "ina da shekara 40", Faransanci ya bi ta, Turanci ya ce "I am 40 years old."

Wani baƙo ya tambaye ni, "Do you mind if I open the window?" Na ce "Yes" da fara'a, sai ya fasa buɗewa ya koma ya zauna.
*Wani ma'aikacin otal, daga Abuja*

Hana shi ka yi. "Do you mind" tana nufin "zai dame ka?", saboda haka "Yes" ita ce "e, zai dame ni." Amsar izini ita ce "No, not at all" ko "Go ahead." Ta biyun ta fi aminci ga mai koyo, don ba ta da e balle a'a.

Tambaya mai korewa ma haka take kama mutane. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?" yakan ce "E, ban ci ba", yana gaskata mai tambaya. Bature ba mai tambaya yake bi ba, abin da ya faru yake bi. "Haven't you eaten?" amsarta "No, I haven't" in ba ka ci ba, "Yes, I have" in ka ci. "Yes, I haven't" ba ta da mazauni. Maganinta shi ne kada ka tsaya a "yes" ko "no", ka cika jimlar, wutsiyar za ta gyara maka kan.

A taƙaice

Ga mai tambaya daga Sakkwato a kan "say" da "tell": "tell" tana son wanda aka gaya wa a bayanta, "He told me", "say" maganar take so, "He said that he was tired", in kuma za a ambaci mutum sai da "to", "He said to me". Ba a cewa "He said me". Ƙarya da gaskiya da labari duk "tell" ake yi musu.

Ga mai tambaya daga Kumasi a kan "I'm coming": fassarar "ina zuwa" ce, wadda Bahaushe ke faɗa yana fita. Bature in ya ce "I'm coming" to tahowa yake. Mai fita da niyyar dawowa "I'll be right back" yake cewa.

Ga mai tambaya daga Gusau: baƙo ya kasu. Wanda ka gayyata ko ka saukar "guest" ne, wanda ya kawo ziyara "visitor", ɗan wata ƙasa "foreigner", wanda ba ka sani ba sam shi ne "stranger". "I have strangers in my house" ta fi kama da kiran 'yan sanda. "Too" kuma ba "ƙwarai" ba ce, "ya yi yawa" ce. "The soup is very hot", miya ta yi zafi amma za a sha. "The soup is too hot", sai ta huce.

Mai tambaya daga Hadeja ya ce ya ji an sa "next tomorrow" a ƙamus, yana son sanin ko yanzu ya halatta a rubuta ta. Gaskiya ne an sa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "next tomorrow", "okada", "danfo" da "Kannywood". Sai dai ƙamus ɗin ya nuna cewa na Turancin wannan yanki ne, bai ce mutumin Landan zai gane ba. Tsakaninka da abokinka a WhatsApp ka rubuta abinka. A takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki, shawararmu ka rubuta jibi da "the day after tomorrow", shekaranjiya da "the day before yesterday". Gata da citta kuwa Turanci ba shi da sunansu, sai dai ka ce "in three days' time" da "in four days' time", ko ka faɗi sunan ranar.